Daga Kabewa Zuwa Komin Dabbobi: Watanni Ukun Bukukuwa a Ajin Reno na Coci

A Amurka shekarar karatu tana farawa ne a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Kafin ɗan shekara uku ya daina kukan rabuwa da mahaifiyarsa a bakin ƙofa, kafin ma ya gane ƙugiyar da zai rataya jakarsa, sai ga bukukuwa sun jero: Halowin ranar 31 ga Oktoba, Ranar Godiya a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, daga nan kuma makonnin jiran Kirsimeti. Makarantun reno da coci-coci ke gudanarwa, na Baptis da Methodis da Lutheran da Katolika, su suka fi jin nauyin wannan lokaci. Iyaye suna son ganin ado a bango da hoton da za su tura wa kakanni, fasto yana son ganin darasin Littafi Mai Tsarki, malama kuwa hannunta biyu ne.

Alamar matsalar a bango take. Talo-talo goma sha shida na takarda, duk kamarsu ɗaya, ba a bambanta na wannan da na wancan sai an duba suna. Malama ce ta kwana tana yanka da almakashi, yaro bai yi komai ba face manna ido a inda aka ɗora masa yatsa. Zuwa tsakiyar Disamba sai a ga kuka ya ƙaru, ana ture-ture da ƙwacen abin wasa, wanda ya daina fitsari a wando ya koma, malamai kuma suna ƙirga kwanakin hutu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro mai shekara uku zuwa biyar yana samun natsuwa ne idan ya san abin da ke biye da wani: bayan waƙa sai wasa, bayan wanke hannu sai abinci. Kowace walima, kowace maimaitawar wasan kwaikwayo, tana karya wannan jeri. Ga shi a Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a mafi yawan jihohi, barcin yara ya rikice, duhu ya riƙa faɗuwa da wuri. Ƙungiyar NAEYC, wadda ta samo asali tun 1926 kuma take tantance makarantun ƙananan yara a ƙasar, ta daɗe tana jan hankali kan aikin da ya dace da shekarun yaro, da kuma aikin hannu wanda ribarsa tana cikin yinsa. Louise Derman-Sparks, a littafinta na 1989, ta soki irin manhajar da ke tsalle daga biki zuwa biki ana leƙa al'adun mutane sama-sama, ta kamanta ta da yawon buɗe ido. Wannan suka ta shafi makarantar coci kai-tsaye.

Mataki na farko shi ne ragewa. Malama ta zauna da kalanda tun Agusta, ta zaɓi babban taro guda ɗaya na kowane wata, sauran kwanaki su ci gaba da tafiya yadda aka saba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Lokacin kaka da kansa ya ishi aji darasi, kuma kyauta ne. A kawo kabewa guda babba a ajiye a tsakiyar tabarma. Ranar farko ba a yanka ta. A bar yara su shafa, su ƙwanƙwasa, su yi ƙoƙarin ɗagawa, su faɗi abin da suke zaton yana ciki. Washegari malama ta yanke saman, nan ne ake ganin halin kowa. Wani zai zura hannu har gwiwa ya damƙo 'ya'yan da zarensu mai yauƙi yana dariya, wata za ta ja da baya tana toshe hanci, sai a miƙa mata cokali, kada a tilasta ta. A wanke 'ya'yan, a jera su goma-goma a faranti, ga lissafi ya samu. A shuka kaɗan a kofi kusa da taga, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma za su tsiro. A jefa wani yanki cikin kwalba a rufe ruf, yara su riƙa leƙawa suna ganin yadda yake ruɓewa. Kabewa ɗaya ta ɗauki aji mako biyu, ba a buga takarda ko ɗaya ba.

Haka ganye. A fita harabar coci da jaka, kowa ya tsinto nasa, a dawo a ware ja daban, rawaya daban. In yaro ya tambayi dalilin canjin launi, amsar gaskiya gajeriya ce: da rana ta gajarta sanyi ya shigo, koren da ke cikin ganyen yana gushewa, sai rawayan da ke ɓoye ya bayyana. A ba su fenti da takarda babba a ƙyale su. Abin da zai fito ba zai yi kama da hoton kanti ba, amma uwa za ta gane hannun ɗanta a ciki.

Labarin Littafi Mai Tsarki yana shiga nan ba tare da an cusa shi ba. Yaron da ya shuka 'ya'yan kabewa jiya zai saurari misalin mai shuka a Markus sura 4 da kunne biyu. Wanda ya tsinci ganye a ƙasa zai gane Rut tana kala a gonar Bo'aza. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sabon labari kowace rana. Labari ɗaya a mako, a maimaita shi da 'yan mutum-mutumin katako, a bar su a kan kanta inda hannun yara zai kai. Wannan ita ce hanyar da Sofia Cavalletti da Gianna Gobbi suka fara a Roma a 1954 bisa tsarin Montessori, wadda Jerome Berryman ya gina tsarin Godly Play a kanta. Duk malamar da ta taɓa ganin yaro shi kaɗai a lungu yana jera tumaki yana ba kansa labarin da muryar raɗa ta san amfaninta.

Sai Halowin, inda ake yawan saɓani. A cikin aji ɗaya akwai iyayen da ke ganinsa wasan yara ne da alawa, akwai waɗanda ba sa son ko jin sunansa saboda zancen fatalwa da mayu. Makarantun coci sun kasu: wasu suna barin shigar ban dariya marar ban tsoro, wasu suna yin bikin kaka a madadinsa, wasu coci-coci suna jera motoci a filin ajiye mota ana raba alawa daga but. Na Lutheran sukan tuna ranar 31 ga Oktoban 1517, lokacin da Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a Wittenberg, ko da yake a gaskiya muhawarar ƙarni na 16 ta fi ƙarfin ɗan shekara uku. Kowace hanya makaranta ta zaɓa, abin da ya wajaba shi ne a rubuta shi a takardar da iyaye ke karɓa tun farkon zango. Rigima tana tasowa ne idan uwa ta riga ta sayi kayan shiga sannan ta ji an hana ana saura kwana uku. Abu ɗaya kuma bai kamata ya shiga aji ba ko ta wace hanya: abin rufe fuska. Yara a waɗannan shekaru ba su gama rarrabe wasa da gaskiya ba, abokin da ya ɓace cikin fuskar dodo abin firgita ne na gaske.

Ranar Godiya tana da nata tarko. Shekaru da yawa an saba yi wa rabin aji hular takarda baƙa, sauran rabin a ɗaura musu gashin tsuntsu na takarda a ka, a ce ga Turawa ga 'yan asalin ƙasa. Mutanen Wampanoag, waɗanda kakanninsu suka halarci liyafar girbi ta 1621 a Plymouth, suna nan da ransu a jihar Massachusetts, kuma gashin tsuntsu abin girmamawa ne a al'adun 'yan asalin ƙasar, ba kayan wasa ba. Tun 1970 wasunsu suke taron makoki a Plymouth a wannan rana. Ba sai an ɗora wa yara wannan tarihi duka ba, amma abin da za a faɗa musu ya zama gaskiya: baƙi sun iso cikin jirgin ruwan Mayflower a 1620, kusan rabinsu suka mutu a sanyin farko, mutanen da suka tarar suka koya musu noman masara, da aka yi girbi aka ci abinci tare har kwana uku. Hutun ƙasa kuwa ya zo ne daga baya, da shelar Abraham Lincoln ta 1863, majalisa kuma ta tsayar da Alhamis ta huɗu a 1941.

Makarantar coci ma ba ta buƙatar hular takarda don koyar da godiya. Labarin kutare goma a Luka sura 17, inda ɗaya kaɗai ya dawo ya gode, yara suna son sa domin ana ƙirga shi da yatsu. A ajiye kwando a bakin ƙofa, kowane gida ya kawo gwangwanin abinci ɗaya in da hali, yaran da kansu su ɗauka su kai ɗakin rabon abinci na cocin. Idan a ajin akwai iyalin da suka zo daga Jos ko Kafanchan, a gayyaci uwar ta ba da labarin yadda ake kai dawa da masara da doya gaban coci ranar godiyar kaka. Wannan ya fi kowane hoto da aka sauke daga intanet.

Disamba ita ce gwaji mafi girma, domin jira ne, yaro kuwa bai san ma'anar "saura mako uku" ba. Wani fasto Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, ya gamu da wannan a gidan yara marasa galihu da ya kafa a Hamburg, inda suka dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti. A 1839 ya ɗauki ƙafar keken doki ya jera mata kyandirori, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana. Daga nan kambin jiran Kirsimeti ya samo asali. Dabarar tana aiki har yau: a mayar da lokaci abin da ido ke gani. Sarƙar takarda da ake cire zobe ɗaya kowace safiya ta isa. Ko a ajiye komin dabbobi babu kowa a ciki, a riƙa matso da Maryamu da Yusufu daga ƙarshen ɗaki taki ɗaya kullum.

Wasan haihuwar Yesu, wanda ake danganta farkonsa da Faransis na Assisi a ƙauyen Greccio a 1223, shi ne ya fi cin lokacin aji. Minti goma ya ishe shi, waƙa biyu da yara suka riga suka iya, babu dogon haddace. A samar da makiyaya da tumaki da yawa domin kowa ya samu gurbi. Yaron da ya ce ba zai hau dandamali ba a bar shi ya zauna a cinyar mahaifinsa. Zancen Santa mai rabon kyautar Kirsimeti kuwa, malama ba alƙali ba ce tsakanin gidan da ke yi da wanda ba ya yi. In an tambaye ta, ta ba da labarin Nikolas, bishop na Myra a ƙarni na 4, a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ake tunawa da kyautarsa ranar 6 ga Disamba, sauran ta mayar wa iyaye.

Akwai kuma abin da ba a sassauci a kansa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta lissafa inabi ɗungum, gugguru, gyaɗa da alawa mai tauri cikin abubuwan da ke shaƙe yara 'yan ƙasa da shekara huɗu, kuma su ne ke cika teburin walima. Abincin da dokar ƙasar ta sa a bayyana saboda borin jiki tara ne, riɗi ne na baya-bayan nan da aka ƙara a Janairun 2023; duk abin da iyaye za su kawo ya zo da takardar abin da ke ciki. Ruwan tuffa da ake sayarwa a gona, in ba a dafa shi ya kashe ƙwayoyin cuta ba, ba na yara ba ne, kuma bayan taɓa dabbobi a ziyarar gona sai wanke hannu da sabulu. Kyandir na wuta ba shi da gurbi a aji, amma na lantarki ma a duba murfin batirinsa, domin ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi idan aka haɗiye shi. Sikari kuma, ƙungiyar likitocin zuciya ta ƙasar ta ce kada wanda aka ƙara a abinci ya wuce giram 25 a rana ga yaro daga shekara biyu. Ɗan kek ɗaya mai ado da kofin lemo sun haye wannan.

Musayar kyauta tsakanin yara gara a bar ta, domin tana tona asirin gidan da ba shi da hali. Masana taurari su ma a ajiye su a gefe. Labarinsu a Matiyu sura 2 yake, daban da na makiyaya a Luka sura 2, kuma coci-coci da yawa suna tuna zuwansu ne ranar 6 ga Janairu. Malamar da ta ɓoye masanan da raƙumansu a kabad har a dawo hutu ta rage wa Disamba kaya, ta kuma samu darasin makon farko na sabon zango a shirye.