Darasin Ranar Awo: Tsohon Soja Mai Ciwon Idon Sawu da Yadda Zai Nemi Haƙƙinsa

Da yawa daga cikin masu zuwa awo a wurinmu matan sojoji ne ko na tsofaffin sojoji, daga Kawo, Mando, Unguwar Dosa, Badarawa da kewayen Barikin Ribadu. Kwanakin baya wata mai ciki wata bakwai ta kasa sayen maganin ƙarin jini. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce maigidanta ya bar aikin soja da ciwon idon sawu, ya nemi kuɗin nakasa an dawo masa da takardunsa, domin a wurin mai ɗori ya yi jinya, ba shi da shaidar asibiti ko ɗaya. Shi ya sa muka ɗauko wannan darasi. Abin da ya taɓa aljihun maigida ya taɓa tukunyar mai ciki.

Me ya sa ciwon idon sawu yake daɗewa?

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a idon sawu: biyu na ƙwauri, ɗaya na saman tafin ƙafa, jijiyoyi kuma suna riƙe da su. Wannan ƙaramar gaɓa ita ke ɗaukar nauyin jiki duka. Soja kan ji rauni a nan wajen atisaye, tsalle daga mota, faɗawa rami ko harbin bindiga. Raunin kan zama targaɗe, gocewar ƙashi ko karaya.

Ko an warke, ciwon kan dawo bayan shekaru. Mafi yawan amosanin gaɓa da ake gani a idon sawu tsohon rauni ne ya haifar da shi. Alamominsa su ne kumburi da yamma, sanƙarewa da safe, yawan gurɗewa, da kasa tsayuwa mai tsawo. Lafiyayyen idon sawu yana lanƙwasawa sama kimanin digiri 20, ƙasa kuma kimanin digiri 45. Likita yana auna wannan ya rubuta, kuma rubutun yana cikin abin da ake dubawa.

Ina ake neman haƙƙin?

Fanshon sojojin ƙasa, na ruwa da na sama yana hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja. Kwamitin likitocin soja ne ke duba mai rauni ya faɗi girman nakasarsa. A nan Kaduna, babban asibitin sojojin ƙasa shi ne Asibitin 44. Tambayoyi biyu ake so takardu su amsa: shin a bakin aiki aka ji raunin? Kuma yaya ya rage wa mutum ƙarfin aiki?

Takardun da ya kamata a tanada

1. Takardar sallama daga aiki da lambar soja.
2. Rahoton da rundunarsa ta rubuta lokacin da ya ji raunin.
3. Katin asibiti da takardun kwanciya ko na tiyata.
4. Hotunan ƙashi, na farko da na baya-bayan nan, tare da bayanin likita.
5. Katin sashen gashin ƙashi.
6. Sakamakon kwamitin likitoci.

A yi kwafin kowace takarda, a ajiye ta asali a cikin leda inda ruwa da gara ba za su kai ba. Kada a miƙa ta asali ga kowa ba tare da an karɓi shaida a rubuce ba.

Ranar ganin likita

Soja ya saba da cije wa ciwo. A gaban likita wannan jarumta cutarwa ce. Kada ya ce "da sauƙi" alhali ba ya iya hawa bene ko taka burkin babur. Kada kuma ya ƙara gishiri, domin hoton ƙashi ba ya ƙarya. Uwargida, ke ce kike ganinsa dare da rana. Ki taimaka masa da ɗan littafi: ranar da ƙafar ta kumbura, ranar da ya faɗi, ranar da ya kasa fita nema. Idan ɗingishi ya jawo masa ciwon gwiwa ko na baya, shi ma a faɗa a rubuta.

Idan an ƙi amincewa

Ƙin farko ba shi ne ƙarshen magana ba.

1. A nemi dalilin ƙin a rubuce.
2. A tambayi wa'adin ɗaukaka ƙara, kada a bari ya wuce.
3. A cike giɓin da aka nuna. Idan shaidar likita ce ta yi ƙaranci, a ga likitan ƙashi a yi sabon hoto. Akwai likitocin ƙashi a Kaduna, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.
4. A rubuta koke gajere, da kwanan wata, a bi ta hanyar rundunar da ya yi wa aiki, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa.
5. A nemi shawarar Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wato Lijiyon. Idan an bi duk matakan cikin gida ba a dace ba, sai a tuntuɓi lauya.

A yi hattara da 'yan damfara masu bugo waya suna neman kuɗi ko lambar sirri ta katin banki don su "fito da fayil".

Abin da ya shafe ki, mai ciki

Irin wannan nema yana ɗaukar lokaci, naƙuda kuwa ba ta jira. Kada a ɗora kuɗin haihuwa a kan kuɗin da bai shigo ba. A riƙa ajiye ɗan abin da ya samu tun yanzu. Idan maigida ba ya iya tuƙi, a shirya da mai mota ko mai Keke tun kafin wata tara, a kuma san wanda zai ba da jini. A tambayi ofishin inshorar lafiyar sojoji, wato DHML, ko sunanki yana cikin rajista da abin da take biya na awo da haihuwa. Bayan haihuwa a karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a sa sunan jariri a takardun mahaifinsa.

Gargaɗi na ƙarshe: kada ki sha maganin ciwon ƙafar maigida don ciwon bayanki. Diclofenac da Ibuprofen suna iya cutar da ɗan da ke ciki, musamman daga mako na 20, Tramadol kuma ba a shan sa sai da izinin likita. Idan kuma naki idon sawun ya kumbura tare da ciwon kai, kumburin fuska ko gani dishi-dishi, ki zo asibiti nan take a auna jininki.

Mai tambaya ta same mu a ɗakin awo. Allah ya ba masu jinya lafiya, ya sauke ku lafiya.