Tumbuɗi da Yawan Kuka ga Jinjirin da Ake Ba Madarar Gwangwani

Darasi domin iyaye mata da masu faɗakarwa na gari

Nonon uwa shi ne abincin jinjiri. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta yi horo da a ba yaro nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba bauri, ba kunu, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Amma akwai jinjirin da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ko ta kwanta ciwo mai tsanani, ba a kuwa samu wadda za ta shayar da shi ba. Irin wannan yaro ne ma'aikatan lafiya kan ɗora bisa madarar gwangwani ta jarirai. Mai renonsa, kaka ce ko inna ko gwaggo, takan zo da ƙorafi biyu: yana tumbuɗi, kuma ba ya barin kuka. Wannan darasi zai nuna abin da ba na damuwa ba ne, da abin da za a gyara a gida, da abin da ke buƙatar a tafi likita ba tare da jinkiri ba.

Me ke kawo tumbuɗi?

Cikin jinjiri ƙarami ne ƙwarai. Ranar haihuwa bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Bayan mako guda yakan ɗauki mililita 45 zuwa 60. Tsakanin maƙogwaro da ciki akwai wata tsoka mai kama da bakin zuge, wadda ke rufewa bayan abinci ya wuce. Ga jinjiri wannan tsoka ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ga shi abincinsa duk ruwa ne, yawancin yini kuma a kwance yake. Da ciki ya cika, ko iska ta taso, sai madara kaɗan ta biyo ta.

Madarar gwangwani ta fi nonon uwa daɗewa a ciki, kuma mai ba da ita takan so ta ga kofi ya ƙare ko da yaro ya ƙoshi. Shi ya sa tumbuɗi kan yi yawa. Yakan kai matuƙa wajen wata 4, ya ragu idan yaro ya fara zama, ya ɓace ga yawancin yara kafin su cika shekara.

Tumbuɗi daban, amai daban

Tumbuɗi yana gangarowa ne a hankali daga gefen baki, galibi tare da gyatsa. Yaro ba ya yunƙuri, ba ya nuna zafi, yana ƙarewa sai ya koma wasansa ko barcinsa. Cokali ɗaya idan ya bazu a zane sai ya yi kamar mai yawa ne, alhali mafi yawan madarar tana ciki.

Amai, wato haraswa, yana zuwa da ƙarfi da yunƙuri, yana da yawa, yana barin yaro a galabaice.

Idan jinjiri yana shan madararsa da marmari, yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da dare, nauyinsa kuma yana ƙaruwa a wurin awo, tumbuɗinsa ba ciwo ba ne, ba ya buƙatar magani.

A fara duba yadda ake haɗa madara

Sau da yawa matsalar ba ta yaro ba ce, ta haɗi ce. Ga ƙa'ida:

1. A wanke hannu da sabulu. A wanke kofi da cokali da sabulu, a tafasa su.
2. A tafasa ruwa mai tsabta sosai. A bar shi ya ɗan huce, amma kada ya wuce minti 30, domin ruwan da zafinsa ya kai digiri 70 shi ke kashe ƙwayoyin cutar da ke iya kasancewa cikin garin madara.
3. A fara auna ruwa, sannan a zuba gari. A yi amfani da ludayin da ke cikin gwangwanin, a shafe bakinsa, kada a danna, kada a tula. Yawancin gwangwanaye ludayi 1 ne ga mililita 30 na ruwa, amma a bi abin da aka rubuta, a sa ma'aikacin lafiya ya nuna da hannunsa.
4. A tsoma gindin kofin cikin ruwan sanyi har madara ta huce. A ɗiga a bayan hannu kafin a ba yaro.
5. A haɗa ta sha ɗaya kawai. Abin da ya rage a zubar, ko babba ya shanye. Madarar da ta yi awa 2 da haɗawa ba ta jinjiri ba ce, balle a zafin Afrilu da Mayu.

Idan gari ya yi yawa, madara takan yi kauri, ta kawo ƙishirwa da taurin bayan gida da ciwon ciki. Idan aka tsinka ta da ruwa don gwangwani ya daɗe, yaro yakan cika ciki bai ƙoshi ba, ya yi ta kuka, ya rame, tamowa ta kama shi. Ruwan da ya wuce kima yana iya jawo masa jijjiga. Jinjiri ɗaya yana buƙatar kimanin kilo 20 na gari a wata 6 na farko, wato gwangwani 40 masu giram 500. Iyalin da suka ga ba za su iya ba, su faɗa wa ma'aikacin lafiya tun da wuri, kada su tsinka a ɓoye.

Madarar shayi mai sukari, da madarar gari ta manya da ake aunawa a kanti, da nonon saniya ko na akuya kamar yadda aka tatso, duk ba su dace da jinjiri ba.

Nawa zai sha?

Lissafin shi ne mililita 150 ga kowane kilo na nauyin yaro, a yini da dare. Jinjiri mai kilo 3 yana buƙatar mililita 450. Idan aka raba sau 8, kowane sha ya kusa mililita 60. A taƙaice:

Wata na 1: mililita 60, sau 8.
Wata na 2: mililita 90, sau 7.
Wata na 3 da na 4: mililita 120, sau 6.
Wata na 5 da na 6: mililita 150, sau 6.

Ga mai yawan tumbuɗi, a rage yawan kowane sha, a ƙara yawan lokuta, jimillar ta zama ɗaya.

Kofi ya fi bibero

Bibero yana da wuyar wankewa. Dauɗa takan maƙale a robarsa ta kawo zawo. Idan hudarsa ta yi faɗi, madara takan kwararo fiye da ƙarfin yaro. Idan ta yi ƙanƙanta, yakan haɗiye iska. Ƙaramin kofi mara murfi ya fi, ko ga ɗan kwana ɗaya.

Ki zaunar da yaro a cinyarki, kansa a sama, ki tallafi wuyansa. Ki ɗora bakin kofin bisa leɓensa na ƙasa, ki karkata shi har madara ta taɓa leɓe, ki bar shi ya sha da kansa. Kada ki ɗura masa. Idan ya rufe baki ko ya kau da kai, ya ƙoshi. A tsakiyar sha da bayansa, ki aza shi a kafaɗa ki shafa bayansa har ya yi gyatsa, ki riƙe shi a tsaye minti 20 zuwa 30. Kada a yi masa rawa ko a ɗaure cikinsa tamau bayan ya sha. Idan zai yi barci, a kwantar da shi rigingine. Rub da ciki yana da haɗari ko ga mai tumbuɗi.

Ba kowane kuka ne na yunwa ba

Kukan jarirai kan ƙaru daga mako na 2, ya kai matuƙa wajen mako na 6, ya lafa a wata na 3 zuwa na 4, kuma ya fi yawa da marece. Idan kowane kuka aka amsa shi da madara, ciki zai cika ya wuce, tumbuɗi ya ƙaru, kuka ma ya ƙaru. A duba tukuna: ya jiƙe ne? Zafi ya dame shi, ko sanyin hunturu? Barci yake ji? Goyo, da ɗora shi a ƙirji fata da fata, da tafiya a hankali, da murya mai taushi suna kwantar da shi.

Kada a ba shi bauri, ko jiƙo, ko zuma, ko kunu, ko maganin masu talla. Kada a yi ta sauya madara bisa shawarar maƙwabta. Kada a girgiza jinjiri ko kusa, domin hakan na iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa. Idan haƙurinki ya ƙare, ki miƙa shi ga wata, ki huta. Maigida ma yana da hannun ɗaukar yaro.

Alamomin haɗari: a tafi CSI nan take, ko da dare ne

– Amai kore, ko mai jini, ko mai launin ƙasa-ƙasa.
– Amai mai feshi bayan kowane sha, musamman tsakanin mako 2 da mako 8, yaro kuma yana neman ƙari. Wataƙila mafitar cikinsa ce ta tsuke, kuma ana gyara ta a asibiti.
– Ya ƙi sha, ko duk abin da ya sha sai ya dawo.
– Zawo, ko jini a bayan gida.
– Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, baki ya bushe, fitsari ya ragu.
– Jiki ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau.
– Numfashi da sauri, ko haƙarƙari na lotsawa.
– Jijjiga, ko barcin da ba ya tashi, ko jiki ya saki.
– Ciki ya kumbura ya yi tauri.
– Bai koma nauyin haihuwarsa ba bayan mako 2, ko yana ramewa.

Jinjirin da ba ya shan nonon uwa ba shi da kariyar da nono ke bayarwa. Zawo na yini ɗaya yana iya tafiya da shi. Wanda bai kai wata 6 ba kuma tamowa ta kama shi, ba a ba shi biskitin tamowa na gyaɗa. A CRENI ake kula da shi.

Aikin mai faɗakarwa

Ku ziyarci gidan a kai a kai, musamman a makonnin farko. Kada ku tsaya ga tambaya: ku roƙi mai reno ta haɗa madara a gabanku, ku ga ruwan, ku ga ludayin, ku ga kofin. Ku tambayi kwana nawa gwangwani ke yi. Idan yana daɗewa fiye da lissafi, ana tsinkawa. Ku duba takardar awo da ta rigakafi. Ku yaba abin da ta yi daidai kafin ku gyara kuskure, ku sa kaka da maigida cikin zancen.

Idan uwa tana raye kuma tana ganin nononta ya kafe, ku kai ta wurin ungozomar likita. Nono yana dawowa idan yaro yana kama mama sau 8 zuwa 12 a yini da dare, ana rage madarar sannu a hankali ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Ga maraya kuwa, wata mace cikin dangi tana iya shayar da shi bayan an yi mata gwajin jini, abin da addini da al'ada suka sani tun da daɗewa. Kuma kada ganin gwangwani a gida ɗaya ya sa mai nono ta yi sha'awa: madarar gwangwani mafita ce ta dole.

Allah ya raya mana su, ya ba masu reno lada.