Amsar Tambaya: Tsatsa da zaizaya a teburin injin katako na hannu

Injin yankan katako ko na goge shi da kafinta ya saya na hannu yakan zo da tsatsa a teburinsa, kuma yawancinta a sama take. Ana jiƙa wurin da kananzir, a goge da sanfefa mai lamba 220, a ƙarasa da 400. Sai an naɗe sanfefar a katako miƙaƙƙe, domin gugar yatsa kwari take yi. Giranda ba ta da wuri a nan: tana cin ƙarfen, teburin ya karkace har abada.

Zaizaya ta fi tsatsa muni. Ana ɗora rula ta ƙarfe a teburin, a haska fitila ta bayanta. Inda haske ya ɓullo, ƙarfe ya lotsa, kuma katakon da ya bi ta nan ba zai fito daidai ba. Lotsawa mai zurfi sai shagon masu injin daidaita ƙarfe. Ƙananan ramukan tsatsa kuwa ba sa hana aiki.

A Madawa, Buza da Keita, ƙurar hunturu ma tana ɓarna. Baƙin mai da aka shafa a teburin yana kama ta, ta riƙa cin ƙarfe, ga ɓata katako. Kakin kyandir ya fi: a shafa, a goge, a rufe injin da yamma.