Ladabin Muridi Wajen Kiwon Kyanwa a Ɗakin Tarayya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah wanda rahamarSa ta yalwaci kowane abu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, darasinmu na yau a kan wata mas'ala ce da ake raina ta, alhali tana raba abokan zama. A Dakoro zaman tarayya ya yawaita: ɗalibai daga yankunan Kornaka da Birnin Lalle da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki guda, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da aiki ya kawo su, almajiran zawiya, da gidajen haya masu tsakar gida ɗaya. Inda aka ajiye buhun hatsi kuwa ɓera ba ya rasa hanya. Sai ɗayansu ya tsinci 'yar kyanwa, wadda wasu ke kira mage ko mussa, ya shigo da ita bai shawarci kowa ba. Kwana kaɗan sai gaisuwa ta ja baya, kowa ya koma cin tuwonsa shi kaɗai.

Matsayin kyanwa a shari'a

Kiwon kyanwa halal ne. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada (RA) ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha. Matar ɗansa, Kabsha, ta yi mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da kyanwa aka yi masa alkunya, wato Abu Huraira (RA).

Tausayinta kuwa ƙofa ce ta samun yardar Allah. An ba da labarin Shehu Shibli, wanda ya rasu a 334 bayan hijira, cewa an gan shi a mafarki yana cewa an gafarta masa saboda wata 'yar kyanwa da ya tarar sanyi ya galabaitar da ita a lungun Bagadaza, ya sa ta cikin rigarsa. Shehu Ahmadur Rifa'i kuwa, wanda ya rasu a 578, kyanwa ce ta yi barci a hannun rigarsa, lokacin salla ya yi, ya yanke hannun rigar don kada ya tashe ta. Mutane sukan jingina wannan labari ga Annabi (SAW), amma malaman hadisi ba su tabbatar da shi daga gare shi ba, don haka a bar shi a inda aka same shi.

Haƙƙin wanda kuke kwana ɗaki ɗaya

A nan ne da yawa suke tuntuɓe. Mutum ya ji falalar tausayin dabba, ya manta cewa ɗakin ba nasa ba ne shi kaɗai. A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i Allah Ya yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, da abokin da ke gefenka. Wanda tabarmarsa ke jikin taka, kuna shan randa ɗaya, wa ya kai shi kusanci? Kuma ƙa'idar shari'a ce sananniya, wadda asalinta hadisi ne a Muwaɗɗa, cewa ba a cuta ba a cutarwa.

Kawo kyanwa mustahabbi ne a mafi girman darajarsa. Kame cuta daga abokin zama wajibi ne. Ba a rushe wajibi don a gina mustahabbi. Kuma daga sharuɗɗan ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani (RA) akwai nisantar gaba da yanke hulɗa da bayin Allah, balle 'yan'uwa a ɗariƙa. Muridin da ya ciyar da kyanwa amma ya yi wata guda ba ya magana da abokin ɗakinsa a kanta, cinikinsa ya faɗi.

Kada ka raina uzurinsa. Wani yana da ciwon fuka, zama da kyanwa yana tayar masa da tari da shaƙewar numfashi. Wani yana kiwon 'yan tsaki ko tantabaru, su ne jarinsa. Wani tun yana yaro aka cusa masa tsoron baƙar kyanwa da labaran mayu. Camfi ba hujja ba ne, amma ba a cire tsoro daga zuciya da dariya ko gori, sai da ilimi da haƙuri.

Tsarkin wurin wazifa

A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kyanwa da yawunta masu tsarki ne, kuma ana alwala da ragowar ruwan da ta sha, sai idan an ga najasa a bakinta, a nan sai a duba ko ruwan ya jirkita. Amma fitsarinta da kashinta najasa ne. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin Jauharatul Kamali ba a karanta ta sai da alwalar ruwa, a wuri mai tsarki, wanda ya rasa haka sai ya koma ga Salatul Fatihi 20 a madadinta. Idan kyanwarka ta ɓata buzun ɗan'uwanka ko farin ƙyallen wazifa, kai ne ka jawo masa. Ka tanadar mata kasko da rairayi a wajen ɗaki, ka riƙa zubarwa kullum, a naɗe shimfiɗun salla a rataye bayan an gama.

Abin da za a daidaita tun farko

Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Maganin saɓani shi ne a yi magana kafin kyanwa ta shigo. A nemi yardar abokin zama da ta mai gidan haya, yarda ta gaskiya, ba wadda kunya ta sa aka ce "to" ba. A san wanda ciyarwa ke kansa, da wanda zai kula da ita idan mai ita ya tafi ƙauye noman damina ko ya tafi Maulidi. Idan ta cinye kilishin wani ko ta kama masa ɗan tsako, mai ita ya biya ba tare da musu ba.

A tuna da haihuwa. Cikin kyanwa wata 2 ne da 'yan kwanaki, kuma takan haihu fiye da sau ɗaya a shekara. Wanda ya yarda da guda ɗaya bai yarda da garke ba. A tuna da lafiya kuma. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, don haka a nemi ma'aikatan kiwo su yi mata allurar rigakafi. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti ranar. Mace mai ciki kuwa kada a bar mata kwashe kashinta, domin yana iya ɗauke da cutar da ke taɓa ɗan tayi.

Idan bai yarda ba

Ka haƙura, ƙofar lada ba ta rufe ba. Ka ajiye wa kyanwowin unguwa ruwa a ƙarƙashin inuwa lokacin bazara, ka zuba musu ragowar abinci nesa da ƙofar ɗaki, ko ka nema wa wadda ka tsinta gida mai rumbu da ke bukatarta.

Kai kuma da aka shigo maka da ita ba da yardarka ba, haƙƙinka a kan mutum yake, dabbar ba ta da laifi. Kada ka doke ta, kada ka sa mata guba, kada ka kulle ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. Ka faɗa wa ɗan'uwanka damuwarka a keɓe. In abin ya gagara, ku kai wa muƙaddami ya sasanta ku.

Tarbiyya ba a zawiya kaɗai ake auna ta ba. Wanda kuke kwana ɗaki ɗaya shi ya fi kowa sanin ko zikirinka ya kai zuciya. Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai da ake jinƙansu, Ya kare mu daga ɗaukar haƙƙin mutum ko na dabba, albarkar Shugaba (SAW). Amin.