Turken Awaki Da Garkar Bayan Gida A Cikin Damina

Da ruwan shuka ya sauka a ƙasar Kano, watau wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sai mai unguwa ya sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ran nan har a kawar da amfanin gona, akuya da tunkiya ba su da sauran yawo. Wata biyar ke nan ko fi suna kan turke, ci da sha duk sai abin da aka kawo musu. A cikin waɗannan watanni ne ƙaramin gida ke cin ribar dabbobinsa, a ciki ne kuma ya kan yi hasararsu.

A ɗauki gidan manomi mai eka uku ko huɗu, irin waɗanda suka cika ƙasar Gezawa da Dawakin Kudu. Yana da awaki biyar, da tumaki biyu, da jaki, da 'yan kaji da zabi. Bayan ɗaki kuwa ga garkar uwargida, ta shuka masara da kuɓewa da yakuwa da rama da barkono, kabewa na yaɗo a ƙasa, duma ya hau danga. Garkar nan ba abin rainawa ba ce. Cikin Yuli da farkon Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, kwaɗon rama da gasasshiyar masara su ke riƙe da yara. Amma akuya ɗaya in ta tsinke igiya ta iya gamawa da ita kafin a taso daga noma. In kuwa gonar maƙwabci ta faɗa, sai gaban dagaci, a biya ɓarna, a bar gaba. Saboda haka igiya mai ƙwari da shingen dashi ko aguwa sun fi biyan tara araha.

To, ɗaurewa kaɗai ba ta isa ba. Akuya ba ta son ruwa ko kaɗan. Da yawa a kan kafa turke a kwari, ba rumfa, dabba ta kwana tsaye cikin taɓo. Bayan 'yan kwanaki sai a ga tana ɗingishi, tsakanin kofatonta ya ruɓe yana wari, ko kuwa tari ya kama ta. Ya kamata a kafa turke a kan tudu, a ƙara masa ƙasa yadda ruwa zai gangare, a yi masa rumfar zana ko ta kara.

Babban abokin gabar awaki da tumaki da damina shi ne tsutsar ciki. Ƙwanta na fita cikin kashin dabba. In akwai laima da ɗumi, cikin kamar mako guda ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun isa kama wata dabba, sai su hau jiƙaƙƙiyar ciyawa suna jira. In dabba ta ci, su manne a tumbinta suna shan jini. Alamarta ba ta da wuyar ganewa. A ja fatar idon akuya ƙasa a duba: ta mai lafiya ja ce, ta mai tsutsa kuwa fari fat. In abin ya yi nisa ƙarƙashin haɓa ya kan kumbura. Wanda ya ga haka kada ya tsaya jiƙe-jiƙe, ya nemi malamin dabbobi ya ba ta magani. Kada kuma a zuba ciyawa a ƙasa cikin kashi, a ɗaure ta a rataye, ko a sa a komi. Wadda aka yanko da raɓa a bari ta sha rana tukuna, don ɗanya sharaf ta kan kawo zawo da kumburin ciki. Gyauron dawa da ƙaramar dawa kuwa kada yaro ya kuskura ya haɗo su cikin yayi, suna da dafi mai kashe dabba nan take. A riƙa ba su 'yar kanwa da dusa in da hali.

Zabi da damina su ke ƙwai. Gara a sa wa kaza ƙwan ta kwanta, ta fi zabuwa kula da 'ya'ya, sai dai a yi haƙuri, nata kwana 21 ne, na zabuwa kuwa ya kan kai 28. 'Yan tsakin a tsare su daga raɓar safe.

Saura maganar taki, wanda shi ne ladan duk wahalar yankan ciyawar nan. Gonakin kewayen birnin Kano ana nomansu kowace shekara ba hutu, abin da ya riƙe su kuwa takin turke ne da sharar gida, da a ke kaiwa a mangala bisa jaki da rani. Amma takin da aka bari a fili ruwan Agusta ya wanke masa ƙarfi, ya bi rariya ya tafi. Fitsarin dabba ma taki ne mai ƙarfi, sai dai ba ya tsayawa in ba abin da zai tsotse shi. Don haka ragowar ciyawar da dabbobi suka bari a shimfiɗa musu ita ƙarƙashi. Kowane mako a kwashe duka a tara wuri guda, a rufe da tsohuwar zana. In rani ya yi, kafin a kira mai jaki, a fara ɗibar wa garkar uwargida kwando biyu ko uku.