Kowa Likita Ne A Ɗakin Mai Jego

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, wato mutum ya ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, sa'an nan ya tsaya kai da fata sai an bi ta. Ba inda abin ya fi yawa kamar wurin dubiya da barka.

Mace ta sauka, ko kwana uku ba ta yi ba, ɗaki ya cika da masu gwaninta. Wannan ta ce, "A ƙara wa ruwan nan wuta." Waccan ta ce, "Kunu ba kanwa, ina zai kori sanyi?" Wata ta ce a ɗura wa jariri ruwa, wai ƙishi ke sa shi kuka. In mai jego ta ce ai a asibiti an hana, sai a ce, "Mu da muka haifi goma ba mu sani ba, sai ke 'yar jiya?" Kunya ta rufe mata baki, ta bi.

To, ga abin da ya kamata a sani. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jegon da ake kawowa da haki da kumburin ƙafafu, zuciyarsu ta gaza. Da suka bi diddigi, sai suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta har kwana 40. Kanwa dangin gishiri ce, takan sa jiki ya tara ruwa, zafi kuma ya ƙara wa zuciya aiki. Jariri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6, ruwan randa kuma yana iya jawo masa gudawa.

Masu wannan shisshigi ba mugunta suka nufa ba. Amma ranar da ciwo ya tashi, ba su za su kwana jinya ba, ba su za su biya kuɗin magani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka kafin ka buɗe baki, yi wa kanka tambaya uku. An tambaye ni? Na san abin nan da ilimi, ko ji na yi? In ya ɓaci, zan ɗauki wani abu daga nauyinsa? In ka ga haɗari a fili, ka faɗa a keɓe, sau ɗaya, da lafazi mai taushi, ka bar mai abu ya zaɓa. Kai kuma maigida, kada ka bar matarka ita kaɗai gaban iyaye da surukai, kai ne za ka ce, "Mun gode, Inna, amma za mu bi abin da likita ya ce."

Mai zuwa barka in da gaske yake son taimakawa, ga wanki, ga ɗebo ruwa, ga yaran gida na jiran abinci. Allah ya raya, ya ba uwa lafiyar shayarwa.