Sharaɗin Safe da Lissafin Dare: Yadda Musulmi Zai Tsara Gyaran Kansa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk shekara idan watan azumi ya wuce, ko kuwa alhazai suka sauka daga Makka, akan ji mutane suna ɗaukar alkawari cewa daga yau sun sake hali. Wani ya ce ba zai ƙara barin jam'in Asuba ba, wani ya ce zai riƙa sauke Alƙur'ani duk mako. Kafin wata biyu su cika sai a tarar Alƙur'anin ya koma gafaka, ƙura ta rufe shi. Ba ƙarya suka yi ba, niyyar mai kyau ce. Abin da ya kashe ta shi ne an ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuya, sa'an nan ba a sa lokacin duba lissafi ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, watau 1111, ya keɓe wa wannan al'amari fasali guda a cikin Ihya'u Ulumiddini. Misalin da ya buga na kasuwa ne. Hankalin mutum shi ne mai dukiya, ransa kuwa kamar abokin ciniki ne wanda ba a gama yarda da shi ba. Farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo hasara. Attajirin da ya san abin da yake yi yakan gindaya wa yaronsa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, ya ƙirga kuɗi da dare. To, haka Gazali ya ce a yi wa rai: a yi masa sharaɗi bayan sallar Asuba, a tsare shi cikin yini, a yi masa lissafi kafin barci. In an same shi da gibi a hore shi, a matsa masa ga aiki, a kuma yi ta zarginsa har ya ji kunya.

Tun da farillai ne uwar kuɗi, da su ake fara tsari. Littafin Ahalari, wanda ba makarantar zauren da ba a karanta shi, ya fara da cewa abin da ya wajaba tun farko shi ne gyara imani, sa'an nan sanin abin da zai inganta tsarki da salla da azumi. Ya kuma bayyana cewa mai bashin salloli ramuwa ce a gabansa, kuma wanda yake rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Saboda haka mutumin da ake bi sallar shekara biyu, ko azumin bara, ko zakkar da bai fitar ba, amma ya buɗe tsarinsa da nafilar dare, ya yi kama da mai neman riba alhali jari ya karye. Haka nan wanda ya riƙe kuɗin mutane, ko yake tauye mudu.

Daga nan sai maganar yawan aiki, a nan kuwa masu zafin niyya suka fi faɗuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da su. Yana saurayi ya ƙudura zai yi azumi kullum, ya kuma raya dare duka. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, sai ya tuna masa cewa jikinsa da idonsa da matarsa da baƙonsa duk suna da haƙƙi a kansa. Ya ce masa ya azumci kwana uku a wata, ya sauke Alƙur'ani sau ɗaya a wata. Abdullahi ya yi ta cewa zai iya fin haka, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, watau yau azumi gobe hutu, da sauka a kwana bakwai. Da tsufa ya zo masa, ƙarfi ya ragu, sai ya riƙa cewa da ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa. Duk da haka bai yarda ya bar abin da suka rabu da Annabi a kansa ba. Yakan sha ruwa kwanaki don ya sami ƙarfi, sa'an nan ya azumci adadinsu. Wannan fa sahabi ne. Ina ga ma'aikacin da zai fita tun da sassafe, ko manomi a tsakiyar damina?

Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Lissafi ma yana nuna haka. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla sumuni 480. Wanda ya lazimci sumuni ɗaya bayan kowace sallar farilla zai sauke cikin kwana 96, watau sau uku da ɗoriya a shekara, ba tare da ya bar kasuwarsa ba. Asirin abin shi ne an ɗaure aikin a jikin lokacin da ba ya ɓata. Wanda ya ce zai yi karatu in ya sami sarari, shekara za ta ƙare sararin bai zo ba.

Gyaran hali ya fi wannan wuya, domin ba a ƙirga shi da tasbaha. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya kama aibi ɗaya, ya ambace shi da sunansa. Cewa "zan zama mutumin kirki" ba sharaɗi ba ne. Sharaɗi shi ne ya ce yau in an fara cin naman wani a majalisa zai kau da zancen ko ya tashi, ko kuwa yau ba zai rantse a kan ciniki ba. Da dare amsar ɗaya ce cikin biyu, ko ya cika ko bai cika ba.

In bai cika ba, sai tuba da horo. Gazali ya kawo labarin Sayyidina Umar, cewa jam'in La'asar ya taɓa kuɓuce masa, sai ya yi sadaka da wata gona tasa. Talaka ba a ce ya ba da gona ba. Sadakar da zai ji a jikinsa ta isa, ko azumin yini guda, ko zuwa neman gafarar wanda ya ɓata wa rai, wanda sau da yawa ya fi azumin ciwo. Amma cutar da jiki da tauye abincin iyali ba sa cikin horon da shari'a ta yarda da shi. Kuma wanda ya fāɗi ranar Talata ya ci gaba ranar Laraba, kada ya ce sai wani azumin ya zagayo.

Mai iya rubutu, da boko ko da ajami, yana da kyau ya ajiye ɗan littafi yana sa alama kowane dare, ranar Juma'a ya duba na mako. Sai dai littafin nan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. In ban da malaminsa, ko amini ɗaya da zai gaya masa gaskiya, bai kamata kowa ya san abin da ke ciki ba, domin riya takan shiga ta nan.